Turken jirgin ruwa: yadda ake gwada anka kafin a ba ta amanar dukiyar mutane

 Duk wanda ya taɓa sayo kaya daga Sin ko Dubai ko Turkiyya, ko da katon biyu ne cikin kwantenar haɗin gwiwa, ya san wata amsa da ƴan tiranzit ke bayarwa idan aka matsa masu da waya: jirgi ya iso, amma yana rad. Mun sha jin wannan magana a shirinmu na rediyo daga bakin masu kira daga Maradi, Damagaram, Tawa da Konni, kuma galibi da ɓacin rai ake maimaita ta. Mai kaya in ya ji jirgi ya iso sai hankalinsa ya ɗan kwanta, yana ganin saura saukewa kawai.

To mene ne rad ɗin? Fili ne cikin teku, a wajen tashar jirage, inda jirgi ke tsayawa yana jiran layi ya zo kansa. Babu gini a wurin, babu katanga, babu inda za a ɗaura igiya. Kwana biyu ne, sati ne, wani lokaci ma fiye, jirgin da ke ɗauke da shinkafa, atamfa, takalma, batura da jarin mutum dubu yana tsaye ne bisa abu guda: wani ƙarfe da aka jefa ƙasan ruwa, da sarƙar da ke riƙe da shi.

Ƙarfen nan sunansa anka. Mutanen Maradi da Tawa kada ku yi dariya, ba “anka ce, anka yi” ta bakinku ba ce. Mu dai da muke ɗaure akuya da raƙumi muna iya ce mata turken jirgi, don aikinsu ɗaya. Kuma kowa ya san turken da aka kafa cikin rairayi ba ɗaya yake da wanda aka kafa cikin laka ba. Abin da muka ce bari mu duba yau shi ne, wa ke gwada turken nan kafin a amince masa, yaya ake gwajin, kuma ina ruwan mai tebur a kasuwar Dole ko mai shago a babbar kasuwar Yamai da wannan zance.

Ruwanmu da teku

Nijar ba ta da gaɓar teku, amma kasuwarta a bakin teku take kwana. Daga Kwatano zuwa Yamai ya wuce kilometir 1000, daga Lome ta Burkina ya wuce 1200, kuma tun daga shekarar 2023 da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil kaya da yawa suka karkata ta Lome. Gaɓar nan ta Benin da Togo miƙaƙƙiya ce, rairayi zalla, ba ta da wani lungu da Allah ya yi inda jirgi zai fake, kuma igiyar ruwa tana dukanta dare da rana, musamman daga watan Yuni zuwa Satumba. Tashar Kwatano mai zurfi sai a 1965 aka buɗe ta, ta Lome a 1968. Kafin nan manyan jirage daga nesa suke jefa anka, a riƙa kwasar kaya da ƙananan kwale-kwale. Ke nan yadin da kakanninmu suka saya a wancan zamani ma bisa anka ya kwana. Yau an gina tashoshi, amma jira bai ƙare ba.

Ko man da muke alfahari da shi haka ne. A watan Mayu na 2024 jirgin farko ya yi lodin ɗanyen man Agadem a Seme ta ƙasar Benin, bayan man ya bi bututu na kusan kilometir 2000. Jirgin bai shiga tasha ba, an ɗaure shi ne ga wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai yawo bisa ruwa, nesa da gaɓa, wadda ita ma sarƙoƙi ne ke riƙe da ita a ƙasan teku.

Ba nauyi ke riƙe jirgi ba

Da farko mu ma mun ɗauka nauyin anka ne ke tsayar da jirgi, kamar yadda masu kwale-kwale a kogin Kwara kan ɗaura dutse da igiya su saka cikin ruwa. Ashe ba haka ba ne. Ku dubi wannan lissafi: jirgin dakon mai da ake kira Amoco Cadiz, wanda za mu dawo kansa, ya ɗauko ɗanyen mai kimanin ton dubu 220, ankarsa kuwa ton 20 ce da ɗan ɗori. Kamar a ce buhun gero ne na kilo 100 aka ɗaure da ƴar ƙugiyar da ba ta kai giram 10 ba. Da nauyi ne aikin, da babu jirgin da zai kwana wuri ɗaya.

Abin da ke faruwa shi ne, nauyin jirgi ruwa ne ke ɗauke da shi. Aikin anka kawai ta hana iska da gudun ruwa su tura shi. Tana yin haka ne ta hanyar haƙa, kamar galma. Tana da ƙota, tana da farata biyu masu faɗi. In ta faɗi ƙasa jirgi ya ɗan ja da baya, sai faratan su karkata su nutse, kuma gwargwadon jan da ake yi gwargwadon shigarsu. Ƙasar teku ce ke riƙe jirgi, anka hannu ce kawai da ya damƙe ta. Irin ankar da yawancin jiragen dako ke ɗauka takan riƙe kamar sau 3 zuwa 4 na nauyinta in ta samu ƙasa mai kyau.

Amma akwai sharaɗi. Duk manomin da ya taɓa noman shanu ya san in ja ya tafi a kwance bakin garma na shiga ƙasa, in kuwa aka ɗaga shi sama sai ya fito. Haka anka take. Shi ya sa ba a sakin sarƙa daidai zurfin ruwa, sai an ninka sau da yawa, don wani sashe nata ya kwanta a ƙasa, ja ya isa ga anka a shimfiɗe. Ma'aikatan jirgi da gaɓa-gaɓa suke ƙirga sarƙa, kowace gaɓa metir 27 da rabi. A ruwa mai zurfin metir 25, in aka saki gaɓa 6 ko 7, an kai metir 165 zuwa 192 da rabi ke nan. Littattafan koyon aikin jirgi suna cewa in ƙotar anka ta ɗaga da digiri 5 kacal daga ƙasa, kwatan ƙarfinta ya tafi. In ta kai digiri 15, rabi ya tafi. Kuma da haka ne ake fitar da ita ranar tafiya: jirgi ya matso har ya zo bisa kanta, ja ya koma tsaye, sai ta tumɓuke kamar rogo bayan ruwa.

Asarar da ta kawo doka

Gwaji bai fara don jin daɗi ba. A shekarar 1852 rundunar ruwan Ingila ta tara anka iri-iri a wani wuri da ake kira Sheerness, ta sa aka ja su ɗaya bayan ɗaya, ta wani mai suna Trotman ta zo ta farko.  Sai ranar 26 ga Oktoba 1859, wani jirgi mai suna Royal Charter, wanda ya taso daga Ostareliya da fasinja da zinariya, ya gamu da guguwa a gaɓar Wales, saura kaɗan ya isa Liverpool. Aka jefa anka biyu. Cikin dare sarƙar farko ta tsinke, bayan kamar awa guda ta biyu ta bi ta. Jirgin ya bugi duwatsu, mutum wajen 450 suka rasu, gaɓa na ganinsu suna ganinta. Shekara 5 bayan haka, a 1864, majalisar Ingila ta yi doka kan gwajin anka da sarƙa, aka kafa gidajen gwaji masu lasisi. A irin wannan gida ne, a garin Netherton, aka gwada babbar ankar Titanic mai nauyin fiye da ton 15, wadda dawaki 20 suka ja zuwa tashar jirgin ƙasa a 1911. Ita dai ba ta da laifi cikin abin da ya samu jirginta.

Yau aikin yana hannun kamfanonin da ke binciken lafiyar jirage, irin su Lloyd's Register ta Ingila, DNV ta Norway, da Bureau Veritas ta Faransa, wadda ƴan kasuwa da yawa suka san sunanta ta wajen binciken kaya a tashoshin gaɓa. Suna da ƙungiya guda, IACS, da aka kafa a 1968, ita ke daidaita ƙa'idojin. Jirgin da ba ya da takardarsu da wuya ya samu asirans, wato inshora.

Gwajin farko: a maƙera

Nan ne abin ya ba mu sha'awa, don iyayenmu mata sun riga Turawa sanin dabarar. Wace mace ce za ta sayi tukunyar ƙasa ko randa ba ta ƙwanƙwasa ta ji amo ba? In ta yi ƙara garau lafiya lau take, in ta yi kurum-kurum akwai tsaga ko da ido bai gani ba. To cikin hanyoyin da ƙa'ida ta yarda da su wajen gwada ankar da aka zuba a narke, akwai wannan: a ɗaga kowane sashe sama metir 4, a sake shi ya faɗo bisa faifan ƙarfe. In bai fashe ba, a rataye shi a buge shi da guduma wadda ba ta gaza kilo 3 ba, mai bincike ya kasa kunne. Akwai kuma na'urori masu leƙa cikin ƙarfe su gano rami ko tsaga, amma guduma ba ta bar aiki ba.

Daga nan sai a ɗora ankar bisa injin ja. A kama ta ta wajen zoben ƙota, a tokare faratan, a ja da ƙarfin da aka ƙayyade gwargwadon nauyinta, sannan a juya faratan ɗaya gefen a sake ja. In an gama a auna a ga ko ta lanƙwashe, a duba ko ta tsage. In ta ci, sai a buga mata hatimi a jikin ƙarfen, da nauyinta da lambar takardarta. Sarƙa ma kowace gaɓa sai an ja ta, kuma ana yanke ƴan zobba a gwada su da ja mai tsanani fiye da na sauran. Ba a nan aka tsaya ba: a babban binciken da ake yi wa jirgi shekara biyar-biyar ana shimfiɗa sarƙar duka a ƙasa, in jirgi ya fara tsufa a auna kaurin zobban, wanda cin ƙarfe ya rage shi da kashi 12 cikin 100 a canza shi.

Sai dai duk wannan yana nuna ƙarfen ba zai karye ba ne. Bai nuna zai kama ƙasa ba. Galma na iya zama ta ƙarfen ƙwarai ta kasa shiga fako.

Gwaji na biyu: cikin ruwa

Idan maƙeri ya fito da sabon samfur ya ce tasa ta fi ta kowa riƙo, ba a yi masa musu, ba a kuma yarda. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ana ɗaukar tasa da wata tsohuwa wadda aka san halinta, masu nauyi kusan ɗaya, a hau jirgin nan mai jan manyan jirage, a fita teku. Tsakanin sarƙa da jirgi ana sa ma'aunin ƙarfin ja, kamar sikelin rataye na mahauta, sai dai wannan ton yake ƙirgawa. A jefa anka, a saki sarƙa kamar sau 10 na zurfin ruwa, ko aƙalla sau 6, jirgi ya fara ja a hankali yana ƙara wuta, ana kallon ma'auni yana hawa. Inda ya tsaya ya ƙi gaba, ko ya faɗo gaba ɗaya don anka ta kuɓuce, nan ne iyakar riƙonta.

Ƙa'ida ta ce ba a ƙasa ɗaya za a yi ba, sai iri uku: taɓo mai laushi, rairayi ko tsakuwa, da yumɓu mai tauri. Kuma kowace anka sau uku a kowace ƙasa, don sa'a ɗaya ba ta zama shaida. Dalilin ƙasa uku a fili yake. A taɓo anka na nutsewa da sauƙi amma tana iya yin tafiya a ciki kamar ludayi cikin kunu. A rairayi tana kamawa da kyau. A yumɓu mai tauri wahalar ita ce shiga, in ta shiga kuwa sai dai a yi fama da fitarwa. Ana kuma lura da ko tana zama daram yayin ja, ko tana mirginawa ta fitar da farce ɗaya sama, don mai mirginawa ita ce ke yaudarar mutane: ta kama da rana ta saki da dare.

Wadda ta riƙe ninki biyu na tsohuwar, ana ba ta shaidar mai babban riƙo. Wadda ta kai ninki huɗu tana da shaida ta sama da wannan, amma ita an taƙaita ta ga ƙananan jirage. Kada ku ce yabo ne kawai, kuɗi ne. Mai jirgin da ya sa anka mai babban riƙo an yarda masa ya rage kwatan nauyin da doka ta ɗora masa, ya sa ta ton 9 a maimakon ta ton 12. Ɗan kasuwa ya san abin da ton 3 na ƙarfe ke nufi, sau biyu, tunda kowane jirgi anka biyu gare shi a goshi.

Masu ƙananan jiragen shaƙatawa a Turai da Amurka su ma suna da nasu gwaji, kuma sun fi kowa gardama a kai. Tun 1933 wani masanin lissafi na Ingila, Geoffrey Taylor, ya ƙera anka mai siffar bakin garma, ta yi shekaru da dama tana sarauta. A 2006 wani kamfanin sayar da kayan jirage da wasu mujallu suka gwada iri 14 a Kaliforniya, sai ga wasu tsofaffi masu suna sun kasa shiga rairayi mai tauri, suna ta jan ciki a ƙasa, sababbi kuwa masu nauyin kilo 15 ko 16 suna riƙe fiye da ton guda. A 2014 aka sake wani gwaji cikin taɓon Chesapeake a Amurka, sakamakon ya sha bamban, wasu da suka yi fice a rairayi ba su taɓuka abin kirki ba. Wanda ya biya kuɗin wannan gwaji kamfanin Fortress ne, kuma ankarsa ce ta zo gaba. Ba mu ce an yi maguɗi ba, an gayyaci ƴan jarida sun gani da idonsu. Amma ku da kuke kasuwa kun san mai kaya ya fi kowa sanin hasken da zai nuna atamfarsa a ciki.

Akwai ma gwajin da ba riƙo yake nema ba. A 2013, a tekun arewacin Jamus, an ja anka biyu, ta ton 8 da rabi da ta ton 11 da rabi, don a ga zurfin da suke haƙawa, saboda wayoyin lantarki da ake binnewa a ƙasan teku. Aka tarar ba su kai metir guda ba. Tambayar tana da muhimmanci, domin anka mai jan ƙasa tana tsinka wayoyin intanet da bututun gas. A Oktoba 2023 an tsinci wata anka yashe kusa da fasasshen bututun gas tsakanin Finland da Estoniya, da sawun janta a ƙasa.

Iyakar da takarda ba ta ɓoye ba

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Ƙa'idar da kanta ta faɗi cewa kayan ankar jirgi an lissafa su ne don tsayawa ta ɗan lokaci, a wuri mai mafaka, bisa ƙasa mai kyau, da iskar da ba ta wuce kilometir 90 a awa ba da gudun ruwa na kilometir 9 a awa. Ba a yi su don jirgi ya zauna a buɗaɗɗen teku cikin guguwa ba, ba a kuma yi su don su tsayar da jirgin da ke tafiya ba. Ƙarfin iska kuwa ba a hankali yake hawa ba: in gudunta ya ninka biyu, turinta sau huɗu yake ninkawa. In aka haɗa da igiyar ruwa mai ɗaga goshin jirgi tana fizgar sarƙa, lissafin duk ya rushe.

Amoco Cadiz ranar 16 ga Maris 1978 sitiyarinsa ya lalace a gaɓar Faransa cikin iska mai ƙarfi. Jirgin da ya zo ja igiyarsa ta tsinke. Aka jefa anka, amma jirgi mai wannan lodi da iska ke kora ba abin da ton 20 za ta yi masa. Ya hau duwatsu a gaban wani ƙauye mai suna Portsall, man ya malale duka. An fito da ankar daga baya, an kafa ta a bakin tashar ƙauyen, ana ganin inda ta karye.

Na Ostareliya ya fi kama da zancen rad ɗinmu. A watan Yuni na 2007 jirage fiye da 50 suna jiran lodin gawayi a wajen tashar Newcastle. Aka yi shelar guguwa na tafe, mafi yawa suka ɗaga anka suka shige cikin teku. Wani mai suna Pasha Bulker, mai tsawon metir 225, ya yi zamansa. Babu kaya a cikinsa, ya yi sama bisa ruwa kamar ƙwarya, iska ta samu wurin kamawa. Da ankar ta fara jan ƙasa aka tashi gudu, lokaci ya ƙure. Ranar 8 ga wata ya hau rairayin bakin gari, aka kwashe ma'aikata da jirgi mai saukar ungulu, sai 2 ga Yuli aka iya janye shi. Masu bincike ba su ɗora wa ƙarfe laifi ba. Sun ce kyaftin bai cika tankunansa da ruwa don jirgi ya zauna ba, bai kuma tashi da wuri ba, ya amince wa anka fiye da abin da take iyawa. Haka a Japan, ranar 4 ga Satumba 2018, guguwar da gudunta ya haura kilometir 200 a awa ta kwashi wani jirgin mai da ke tsaye bisa anka ɗaya, shi ma fanko, ta maka shi da gadar da ke kai wa filin jirgin sama na Kansai, matafiya wajen 3000 suka kwana a maƙale.

Shi ya sa ma'aikacin ƙwarai duk sanda ya jefa anka sai ya yi nasa gwaji. Ya duba taswira ya ga irin ƙasar wurin, don an rubuta inda rairayi yake da inda taɓo ko dutse yake. Mutanen da dalma suke saukarwa da igiya, an shafa mata kitse a gindi, abin da ya manne ya faɗa masu abin da ke ƙasa. In an jefa, sai a sa inji ya ja baya kaɗan a ga sarƙa ta miƙe ta sake kwantawa, alamar an kama. Sannan a sa mai gadi dare da rana yana duba na'ura ko jirgi ya fita daga da'irarsa. Har yanzu akwai masu zuwa goshin jirgi su ɗora hannu bisa sarƙa. In shiru take, lafiya. In tana karkarwa tana gurnani, anka tana tafiya.

Inda zancen ya shigo aljihu

Yanzu hajiya mai katon biyu za ta ce, to in jirgi ya hau gaɓa aka janye shi, kayana ba su jiƙe ba, ina abin damuwa? Akwai. Dokar teku tana da wata tsohuwar ƙa'ida da Faransawa ke kira avarie commune, mu ce asarar tarayya, wadda ake bi bisa dokokin York da Anvers. Ma'anarta: duk abin da aka kashe ko aka sadaukar don ceton jirgi da abin da ke cikinsa, kamar kuɗin jiragen ja, ko kayan da aka zubar don a rage nauyi, ba mai jirgi kaɗai zai biya ba. Kowa da ke da kaya a ciki zai ba da nasa kaso gwargwadon darajar kayansa, ko da ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Kuma ba a sakin kwantena sai an ba da lamuni.

Mu ɗauki misali don lissafi kawai. In kuɗin ceto ya kama kashi 10 cikin 100 na darajar duk abin da aka ceta, mai kayan miliyon 5 na sefa jika 500 za ta fito da su kafin ta ga kayanta, ban da kuɗin duwan, ban da na kamyo, ban da kwanakin da kasuwa ta wuce ta. Ba tatsuniya ba ce. Jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suez kwana 6 a watan Maris na 2021, ko da yake shi ba anka ce ta jawo masa ba, masu shi sun yi shelar asarar tarayya, kuma kayan mutane ba su bar Masar ba sai a watan Yuli.

A nan ne takardar asirans, wadda da yawa daga cikinmu ke ɗauka ta cika dosiye ce kawai, take nuna amfaninta. Ko mafi araharta, wadda ake rubuta wa FAP sauf, tana ɗaukar kason asarar tarayya, tana kuma biyan ɓarnar da ta zo ta manyan haɗurra irin su nutsewa, gobara ko hawa gaɓa. Kamfanin asirans ne zai rubuta lamuni a saki kaya. Wanda ba ya da ita, tsabar kuɗi zai ajiye, kuma lissafin ƙarshe yakan ɗauki shekaru. Abin da FAP sauf ba ta biya shi ne ƙananan ɓarna na yau da kullum, sata ko fashewar katon wajen saukewa; wannan sai mai faɗi, wadda ake ce wa tous risques.

Matsalar ta fi yawa ga masu haɗa kwantena, kuma mata sun fi yawa a cikinsu. Mutum 15 ko 20 ne ke da kaya, amma takardar lodin jirgi sunan mutum ɗaya ta ɗauka, wakili ko ɗan tiranzit. In an yi asirans, da sunan wa aka yi? Kuma darajar nawa aka rubuta? Mun san halinmu, ana rage farashi bisa takarda don duwan ta yi sauƙi, to ranar biya ma bisa wannan ragaggen farashi za a biya. Kafin ki miƙa kuɗin sufuri, hajiya, ki nemi a nuna maki takardar, ki sa ɗanki ɗan lakwal ya karanta maki layi uku: sunan wanda aka yi wa asirans, jimillar kuɗin da aka rubuta, da kuma inda ɗaukar nauyin ya tsaya, a tashar Lome ne ko sai kaya sun iso sito a Maradi.